Shayin Kawu a Small Heath

Muna idar da sallar asuba muka bar unguwarmu Longsight a Manchester, ni da maiɗakina. Jiya 'yar Kawu da ke Birmingham ta kira ni: "Yaya, he's not drinking. Likita ya ce in bai sha komai ba zuwa gobe da yamma, sai hospital, a sa masa tube na ba da abinci."

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni. Shekara da shekaru yana sayar da shayi a Kano kafin 'yarsa ta ɗauko shi. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta same shi bai ƙara magana ba. Yanzu kuma ya rufe baki ga ruwa ma.

Ruwan sama ya raka mu tun daga Stockport Road har kan babbar hanyar M6, manyan motoci na watsa mana ruwa a gilashi. Duk ƙarar da waya ta yi sai na ce wa maiɗakina ta duba ko daga Birmingham ne. Kusa da Stafford muka tsaya, na sayi shayi na kusan fam huɗu, ruwan zafi ne kawai da aka nuna wa ganye daga nesa. Da Kawu ya gani, da sai ya kai ƙara.

Nan na tuna labarinsa. Kowane kwastoma sai ya sha shi tare da burodi: wai a ƙasar Sin aka fara shayi, ganye ya faɗa tukunyar wani sarki, kuma da fari magani ne ake dafawa da citta. A rediyo ya ji, amma yana ba da shi kamar a gabansa aka yi. Kuma ba ya yafe wa wanda ya karkace masa shi.

Unguwar Small Heath da ke Birmingham ta tarbe mu da jerin gidaje manne da juna da ƙanshin gashin nama. Kawu na kwance, ya rame, leɓe a bushe, ido a rufe. Wallahi na tsorata, na ɗauka mun makara.

Na shiga kicin na dafa shayi da citta da kanumfari. 'Yarsa ta zuba garin da asibiti suka bayar mai sa ruwa kauri, don kada ya ƙware. Na tsaya a kansa da kofi biyu, ina sheƙa shayin daga sama yadda ya koya mini. Da jin ƙarar, ya buɗe ido. Na kai cokali, ya kau da kai.

Dabara ta ƙare mini. Sai na juya wajen maiɗakina, na ɗaga murya: "Kin san fa Turawan Ingila ne suka ƙirƙiro shayi."

Kawu ya harare ni. Bakinsa ya yi ta motsi.

"Sin," in ji shi. "Sakarai."

Kafin ya rufe baki na miƙa cokali, ya haɗiye. Muka zuba wa maƙogwaronsa ido, muna jiran tari. Bai yi ba. Ya sha rabin kofi, 'yarsa na kuka tana cewa, "Baba, one more."

Bayan la'asar muka kamo hanya, muka iso Manchester lafiya. Tsoron bai sake ni duka ba, don likita zai sake duba shi. Amma na gane cewa marar lafiya ba magani kaɗai yake jira ba, yana jiran a tuna ko shi wane ne. Shekara arba'in Kawu na ce mini sakarai, ban taɓa yi wa Allah godiya a kai ba sai ranar.