Tukwane Goma Sha Biyu Marasa Huda: Ban Kwana da Baba Mai Fulawa

Ranar Laraba, goma sha ɗaya ga watan Yuni, da hantsi, ina tsaye a kantar karɓar baƙi ta otal ɗin da nake aiki, mai gadi ya leƙo ya ce, "Anti, kin ji Baba Mai Fulawa ya cika?" Na Allah ne mu duka, kuma wurinSa za mu koma. Baba, mai gadin ya ce jinyar kwana tara ka yi, ciwon ƙirji, har an kai ka makwancinka tun da safe. Na nemi kujera na zauna, hawaye ya ƙi zuwa. Kunya ce ta riga baƙin ciki isowa, Baba, kuma ka san dalili.

Shekara goma sha shida ka yi kana kula da shuke-shuken otal ɗin nan. Ranar da na fara aiki na same ka durƙushe a bayan ɗakin wanki, kana fasa tsohuwar tukunyar ƙasa da ƙaramar guduma. Na ce, "Baba, ɓarna ake yi?" Ka yi dariya ka ce, "'Yata, gyara ake yi." Ka nuna mini yadda kake kifa tsingaro ɗaya mai lanƙwasa a kan hudar gindin tukunya, don kada ƙasa ta toshe ta. Sannan ka cakuɗa ƙasar da yashi mai tsakuwa-tsakuwa, da gawayin da ka daddaka, da ɓuntun shinkafa. Yashi mai laushi kam ba ka shiri da shi. Ka ce da ya jiƙe sai ya dunƙule kamar siminti.

Da na kama ɗakin haya na farko, kai ka fara kawo mini kyauta: 'yar shuka a gwangwanin madara, ka huda gindinsa da ƙusa wuri biyar. Ka koya mini in tura yatsa cikin ƙasa kafin in zuba ruwa. Da na haihu, wata uku kana bi ta gidana a kan kekenka kana duba mini tukwane, kana tsokanar jaririyar wai ka zo ganin amaryarka. Bare kuma masu shara da masu wanki. Duk wanda kaya ya yi wa nauyi, baronka ne motarsa.

Shekara huɗu da suka wuce aka sabunta zauren baƙi, manaja ya damƙa mini zaɓen kayan ado. Na sayo tukwane goma sha biyu, farare sol, masu sheƙi. Ka ɗauki ɗaya ka kifa ta, ka shafa gindinta, ka ce, "'Yata, waɗannan ba su da huda. Bari in huda su, mu sa musu faranti a ƙasa." Na ce sam, tayil ɗin sabo ne, faranti kuma zai ɓata tsari. Na ce na gani a waya, idan aka zuba tsakuwa a gindi ya wadatar. Ka ce tsakuwa ba ta shan ruwa, ruwan zai kwanta ne a ƙasa har saiwa ta iske shi. Ka kawo wata dabarar, a bar shukar a tukunyar roba mai huda, a zura ta cikin farar. Ita ma na ƙi, wai bakin robar zai fito. A gaban masu shara na ce maka, "Baba, shuka aka ɗauke ka yi, ba shawara ba." Ka sunkuyar da kai ka zuba tsakuwar.

Ka yi iya ƙoƙarinka. Na sha ganin ka kana auna musu ruwa da kofin shayi. Amma masu shara ma suna zubawa, baƙi suna juye ragowar ruwan gora. Cikin mako bakwai ganye ya yi rawaya, ƙananan ƙudaje suka cika zauren, wari ya fara tashi. Ranar da mai otal ya zo da abokansa, ya kama shuka ɗaya ya ja, ta biyo hannunsa, saiwar baƙa ƙirin ta ruɓe. Ya sa aka kira ka. Ya ce, "Tsoho, tsufa ne ko sakaci?" Ka dube ni sau ɗaya. Ni kuwa na dubi littafin rajista. Ka ce, "A yi haƙuri, ranka ya daɗe." Ƙarshen wata aka sallame ka, aka ba wani kamfani aikin. Abin da ma'aikatansu suka fara yi shi ne huda tukwanen nan, ina tsaye ina kallo.

Ka buɗe 'yar rumfar sayar da shuke-shuke kusa da gidan mai, a kan hanyata ta zuwa gida. Sai na canza hanya. Shekara huɗu ina zagaye ta bayan kasuwa don kada mu haɗa ido. Sau biyu ka aiko mai gadi da gaisuwa, ka ce a gaida amaryarka, a tambaya ko ta shiga makaranta. Kullum sai in ce mako mai zuwa zan je.

Kwana uku da rasuwarka na je gidanka. Na durƙusa a gaban Inna, mai ɗakinka, babbar 'yarka tana gefe, na faɗi komai ban rage ba. Inna ta saurare ni har na gama. Can ta ce, "Ranar ya dawo ya ce mana tukwanen ne ba su da huda. Na ce wa ya sayo su? Sai ya ce in kawo masa abinci, yunwa yake ji. Ashe ke ce." 'Yarka ta tashi ta bar ɗakin, kuma ban ga laifinta ba. Inna ta ce ita ta yafe nata, naka kuwa tsakanina da kai ne.

Washegari na faɗa wa mai otal da manaja gaskiya. Na rubuta wannan ne domin duk wanda ya ji an kore ka saboda sakaci ya ji daga bakina: Baba bai kashe shuka ko ɗaya ba. Ni na kashe su, ni na yi shiru aka raba dattijo da abincinsa.

Allah Ya jiƙan ka, Baba, Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka, Ya sanyaya shi, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ya saka maka da rufin asiri a ranar tonon asiri, kamar yadda ka rufa nawa ban cancanta ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, da 'ya'yanka, da jikokinka, da abokan aikinka na dā. Allah Ya ba su haƙuri, Ya tsaya musu. Ni kuma ina roƙon wanda ya karanta ya sa ni a addu'a, Allah Ya sa ka yafe mini kafin ka tafi, domin ban zo na tambaya ba.