Ranar da Na Shafe Muryar Inna

Lissafi nake koyarwa a wata makarantar sakandare a Talata Mafara, kuma saboda lissafin ne shugaban makaranta ya miƙa mini makullin ɗakin kwamfuta. A ganinsa duk wanda ya iya lissafi ya iya na'ura. Kwamfuta tara na tarar a ɗakin, duk tsofaffi. Huɗu ne kawai ke tashi, su ma sai ka kunna ka je ka yi alwala ka dawo kafin su gama buɗewa. Bairos ya cinye su. Duk filashin da aka soka musu sai ya fito da cuta.

Wani abokin aiki ne ya kwatanta mini wani mai gyara, mutumin Bakura, da ke shigowa Mafara duk Talata saboda kasuwa. Kowa Injiniya yake ce masa. Dattijo ne siriri mai furfura a gemu, wanda ya daɗe yana gyaran injinan ban-ruwa kafin ya koma kan kwamfuta. Ranar da ya zo, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kara kunne a jikinsu, sannan ya ce, "Malam, waɗanga ba su mutu ba. Kaya aka aza musu da ya fi ƙarfinsu."

Ya zaro wani filashi da ya ɗaure da zare a aljihun gaba. Ya ce a ciki akwai wani tsarin tafiyar da kwamfuta da ake kira Linux. Mutane ne daga ƙasashe daban-daban suka haɗu suka rubuta shi, suka bar shi a buɗe. Kowa na iya ɗauka, ya leƙa cikinsa, ya gyara, ya ba wani, ba wanda zai ce masa don me. Ban yarda ba sai da na ga kwamfutar da ta shekara a mace ta buɗe ido kafin in gama gyara zama.

Daga nan duk Talata bayan Azahar sai ya biyo makaranta. Ya hana ni dogara da linzami, ɗan abin nan da ake ja da hannu a danna. Wata baƙar taga yake buɗewa, wadda babu hoto a cikinta sai ɗan layi yana ƙiftawa, ya ce nan ne ake magana da na'ura baki da baki. Na sayi littafin rubutu irin na ɗalibai ina kwafe umarni. Na koyi tambayar na'ura ina nake, da abin da ke cikin folda, da yadda ake matsar da fayil. Na sha kunya. Wata rana na yi rabin awa ina fama da umarni guda, ashe babban baƙi na sa a wurin ƙarami. Injiniya yana gani ya ci gaba da ɓare gyaɗarsa, sai da na gano da kaina.

Sannu a hankali ya kai ni ga aikin mai kula. Na buɗe wa kowane malami nasa shafin da kalmar sirrinsa. Na koyi raba izini, wane ya karanta kawai, wane ya rubuta. Na haɗa kwamfutocin suka san juna, na sa firinta ta yi wa kowa aiki. Sannan ya nuna mini shiga da sunan babban mai iko, wanda shi yake kira mai gida.

"In ka shiga da sunan mai gida," in ji shi, "na'ura ba ta yi maka gardama. Abin da ka hwaɗi shi za ta yi, ba abin da ka nuha ba. Ka karanta sau biyu kahin ka danna."

Na rubuta wannan ma a littafina, har na ja masa layi. Kafin shekara ta zagayo kwamfuta bakwai na aiki, malamai na sallama a ƙofar ɗakin suna cewa in taimaka musu. Ba zan ɓoye ba, kaina ya ɗan kumbura.

A wannan tsakanin ne muka ɗauko mahaifiyarmu daga ƙauyenmu da ke bayan Dosara, don zama ya gagara a can, kowa da ido ɗaya yake barci. Mu biyu ne muka rage mata, ni da yayata da ke aure a Maradun. Inna ta zauna a gidana, ba don tana so ba. Bayan La'asar takan shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya tana tsintar wake, tana ba da labari ko da mai saurare ko babu. Wata rana na ajiye wayata kusa da ita na danna ɗaukar murya.

"Auta, mi kaka yi da wanga abu gaban bakina?"

Na ce, "Ajiye maganarki nake yi, Inna."

"Maganata ta zama hatsi ke nan," ta ce, ta yi dariya, ta ci gaba.

Ta ba ni labarin kakanninmu da inda suka taso. Ta lissafa gonakin da ruwan dam ya rufe tun tana amarya, kowace da sunanta da irin abin da take bayarwa. Ta rera waƙoƙin niƙa da ta koya a wurin kakarta, tana yi tana tsayawa ta yi tari. Ta faɗi yadda ta fara ganin mahaifinmu ya zo sayen rago ya manta da ragon. Har kirarin da take yi mini ina goye ta maimaita. Duk lokacin da wayar ta cika, sai in kwashe in zuba a wani ɗan faifan ajiya da ake sokawa a kwamfuta, in goge na wayar don a sami wuri. Labarai da waƙoƙin da na ɗauka sun haura sittin.

Da damina ta biyu Allah ya karɓi abarsa, bayan jinyar kwana shida. A Mafara muka rufe ta, nesa da kabarin mijinta. Na sa faifan a ƙasan akwati. Ban iya saurara ba. Sanin cewa tana nan a ciki ya ishe ni.

Bayan kamar wata shida Yaya ta kira ni. Muka gaisa, ta tambayi iyali da aiki, sannan ta ce, "Auta, ina son in ji muryar Inna."

Na ce mata ranar Lahadi ina tafe da ita.

Injiniya ya sha gaya mini cewa abin da ke wuri ɗaya ba ajiyayye ba ne. Don haka na samo sabon faifai, da niyyar in yi wa Yaya nata, ni in riƙe nawa. Da na ja foldar da linzami na sauke a sabon, da an gama. Amma a makon nan na koyi wani umarni da ke kwafe faifai sukutum, daga farko har ƙarshe, ya aza shi kan wani. Na so in gwada gwanintata.

Ranar Alhamis ce, an tashi makaranta, rana na tsaka. Na soka faifan biyu. Na'ura takan raɗa wa kowane faifai harafi. Na duba, na Inna shi ne b, sabon kuma c. Ina cikin rubuta umarnin sai wutar sola ta ɗauke ta dawo, kwamfutar ta mutu ta sake tashi. Abin da ban tuna ba shi ne, in ta sake tashi tana iya sauya musu haruffa. Ban sake dubawa ba. Na shiga da sunan mai gida, na rubuta a kwafe b a kan c, na danna.

'Yan fitilun faifan suka shiga ƙiftawa. Na tafi masallaci na yi Azahar, na tsaya muka yi hira da mai gadi a kan tsadar taki, na dawo na gyara takardun jarrabawa, raina fes. Da aikin ya ƙare, na'ura ta rubuta cewa ta gama, babu kuskure ko ɗaya.

Na buɗe sabon faifan, wayam. Na ce to, ko bai kwafu ba, bari in sake. Na buɗe na Inna. Shi ma wayam.

Na cire na mayar. Na kai shi wata kwamfutar, na kai shi ta uku. Duk wayam. Na nemo lambar Injiniya na kira shi.

"Kada ka ƙara taɓa komi," ya ce. "Cire su duka. Taho yanzu."

Na hau motar Bakura ban ko biya gida ba. Ban ga komai a hanya ba, faifan biyu na riƙe a hannu kamar ƙwai. Na same shi a zaurensa, inda yake aiki. Ya ce in rubuta masa umarnin daidai yadda na buga shi. Na rubuta. Ya soka faifan ya daɗe yana dubawa, sannan ya cire tabarau ya ajiye.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam, juyawa ka yi. Wanda babu komi cikinai ka aza bisa na tsohuwa."

Na ce, "Amma ai ana maido da abin da aka goge. Kai ka gaya mini."

"Da gogewa ce, da sauƙi. Gogewa suna kawai takan cire, kayan na nan. Wanga umarni bi ya yi ɗaki-ɗaki ya share, ya zuba babu a madadin."

Duk da haka ya ce in bar masa. Kwana biyu manhajar bincikensa na bin faifan. Ranar Asabar na koma, tun daga yadda ya amsa sallamata na gane. Ya ba ni ruwa a kofi, ya zauna yana kallon ƙasa. Can ya ce laifinsa ne da ya nuna mini umarnin tun ban nuna ba. Na ce masa ba shi ya danna ba. Sai ya tambaye ni wayar da na yi ɗaukar da ita. Na miƙa masa, ya zare memorin ya sa a bincike. Tsofaffin hotuna suka yi ta fitowa, na bukin suna, na allon aji, rabi-rabi. Sauti ɗaya tak ya fito, na daƙiƙa goma sha ɗaya. Sauran duk sababbin abubuwa sun hau kansu. Ya tashi ya ba ni wuri na saurara ni kaɗai.

Ranar Lahadi na kama hanyar Maradun, don na riga na yi alkawari. Da na yi sallama a gidan Yaya, sai na tarar ta share tsakar gida, ta shimfiɗa tabarmi, ta dama fura. Wasu tsofaffi biyu 'yan ƙauyenmu, ƙawayen Inna da gudun hijira ya kawo Maradun, suna zaune sun ci ado kamar masu zuwa suna. Ta gayyato su su ji. Na durƙusa muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, suna tambayar gida da gajiya da haƙurinmu, suna sa mini albarka saboda dabarar da na yi. Kowace albarka kamar ana ɗora mini dutse.

Na ce wa Yaya ina son magana da ita a ɗaki. Na gaya mata.

"Duka?" ta ce.

"Duka, Yaya."

"Sacewa aka yi?"

"A'a. Ni na shafe da hannuna. Kuskure na yi."

Ta dube ni. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, "Kai da aka ce ka iya."

Na ciro waya na kunna mata abin da ya rage. Ƙarar wake a faranti ce ta fara, sai muryar Inna: "Auta, kore akuyar can, za ta ci mini wake." Sai motsi, sai ɗan tari. Sannan ta ce, "To, ina muka tsaya?" Nan ya yanke.

Yaya ta karɓi wayar ta kara a kunne. Sau uku tana sa ni in maimaita. Ta zauna a bakin gado ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa, ni kuma ina tsaye ban san inda zan sa hannuwana ba. Da ta natsu ta share ido ta fita. Ina ji tana gaya wa tsofaffin cewa na'urar ce ta ƙi yau, sai wani jiƙon. Suka ce ba komai, haka kayan zamani suke. Suka sha fura suka tafi. Har yau ba ta gaya wa kowa gaskiyar abin da ya faru ba, kuma ba ta sake tayar mini da maganar ba.

Da na dawo Mafara na kai wa shugaban makaranta makullin, na ce a nemi wani. Ya ce rajistar jarrabawa ta ƙarato, wa zai nema? Ya turo mini shi ta kan tebur. Na yi mako uku ina shiga ɗakin ban buɗe baƙar tagar ba. Ranar da firinta ta ƙi aiki, malamai suka yi layi da takardu, dole na buɗe. Ina nan ina aikin har yanzu. Kafin in danna kowane umarni na mai gida sai na karanta shi da ƙarfi, ko da mutane a ɗakin, wasu har dariya suke yi mini.

Ni da Yaya mun fara rubuta abin da muka tuna a takarda. In na je Maradun sai ta faɗa ina rubutawa. A waƙar niƙa ɗaya mun kai baiti huɗu muka cije, ita ta ce kaza ne ke biye, ni na ce ba haka na ji ba. Akwai kawunmu, ƙanen Inna, a wajen Kaya, shi kaɗai ya rage a ɗakinsu. Kunnensa ya yi nauyi, ba ya jin magana ta waya. Sau uku ina shirin zuwa wurinsa ana ce mini hanya ba lafiya, in dakata. An ce bana ko gona bai iya fita ba.