Lambobin Da Inna Pelagia Ta Ɗinka

Shekara talatin da biyu ke nan, kullum kafin likita ya iso asibitin garinmu, Inna Pelagia Sowa ta riga ta hura wutar tukunyar wanki. Ta jiƙa zannuwan gado, ta dirje, ta shanya, ta goge. Da rana ta zauna bakin taga da baƙin burodinta da shayi, tana ɗinke abin da ya yage. Mu ma'aikatan jinya iyakar saninmu da ita ke nan, sai kuma faɗa. "Ke, wa ya koya miki ninke zane haka? Akuya?"

Ranar Asabar muka yi mata walimar ajiye aiki. Ana cikin ci sai ga wata tsohuwar malamar makaranta daga birnin Lublin, Henryka Lis, wadda ba mu gayyata ba. Da Inna ta gan ta, cokali ya faɗi daga hannunta.

"Henryka, zauna ki ci abinci, ban da surutu."

"Wallahi ba zan zauna ba. Shekara nawa ina nemanki!"

Daga bakin Henryka muka ji labarin. Lokacin yaƙin duniya Jamusawa sun tsare su a sansani ɗaya, inda ba a kiran mutum da suna, sai da lambar da aka ɗinka masa a ƙirji. Pelagia tana ɗakin gyaran tufafi. In aka fitar da lambobin waɗanda za a harbe, wata fursuna mai aikin rubutu takan raɗa mata. Sai ta farke lambar wata da ta mutu ba a kai ga rubutawa ba, ta ɗinka wa mai rai, ta mayar da ta mai rai jikin gawa. In masu gadi suka zo, a nuna musu gawar. Mata goma sha ɗaya suka tsira haka. Da aka kama ta da guntun ƙyallen lamba a takalmi, bulala ashirin da biyar ta sha, aka karya mata yatsu biyu, ba ta ambaci kowa ba.

Muka hau tafi. Inna ta ɗaga hannu.

"Ku bari. Ba ta faɗa muku labarin Otylia ba. Ran nan su biyu aka kira, ita da Otylia, lambar gawa ɗaya gare ni. Kada ku ce na yi tunani na zaɓa. Henryka ce kusa da ƙofa, shi ke nan. Otylia tana kallona har na gama ɗinkin."

Ba wanda ya ƙara tafi. Henryka ta je ta zauna kusa da ita, ta riƙe mata hannu.

Inna, ke ce kika ƙirga mutum ɗaya da kika rasa, kika manta da goma sha ɗaya. To mu ba za mu manta ba. Jikokinsu suna nan suna zuwa makaranta, ba su ma san sunanki ba. Mun gode, jarumar mata, mun gode.

Mu kuma da muka zo bayan yaƙi, Allah ya sa kada a jarrabe mu da irin wannan. Amma duk inda aka danne wani a gabanmu, kada mu ce ba mu da ƙarfi. Ita allura kawai gare ta.