Rufin da Gajimare Ya Ɓoye

Ku matso, ku ara mini kunnuwanku, tsohuwa ba ta da ƙarfin maimaita magana. Abin da zan faɗa muku, har a sa ni a ƙasa ba zan manta da shi ba.

Babban ɗana ya daɗe a Kwatano yana sayar da albasa, gidansa dab da bakin teku. Ni ban taɓa ganin teku ba, iyakar sanina tabkin da ke cika a bayan Birni. Wata damina muka ji a rediyo teku ya yi ambaliya ya ci gidaje a wajensu. Aka kira salularsa, shiru. Ta matarsa, shiru. Kwana biyar tuwo bai wuce maƙogwarona ba. Ƙanensa ya ɗaure jaka, zai hau kar, babbar motar fasinja, ya bi sawu.

To, akwai 'yar shi babban, wadda na raina tun yaye. Ta gama iniversite, tana aiki da ordinater, wato kwamfuta, a ɗakina. Hotunan bakin teku ake aiko mata, waɗanda tauraron ɗan adam ke ɗauka daga sama. Inda gajimare ya rufe ƙasa, ita ke cike gurbin da abin da aka gani a wasu ranaku, kamar mai yi wa zane faci. Ta taɓa yi mini wannan bayani, na kuma ji da kunnena.

Na ce, "Ke mai idon sama, nuna mini gidan ubanki."

Ta ce, "Kaka, sai kin ci abinci."

"Ja'ira, ni za ki yi wa ciniki? Buɗe."

Ta daɗe tana danne-danne, sannan ta juyo mini da abin. Ga ruwa baƙi, ga rairayi, ga rufin kwano jere, ƙanana kamar ƙwayar wake. Ta ɗora farce a kan ɗaya. "Ga shi nan."

"Yana tsaye?"

"Kin dai gani."

Ba ta dube ni ba. Ni ma ban tambaye ta hoton na yaushe ne ba. Na yi hamdala, na sa aka dama fura aka raba sadaka. Na kira ƙanen na ce ya kwance jakarsa, gidan yayansa na nan, salula ce kawai ta lalace. Ya ce, "Iya, bari dai in je." Na ce in ya taka tasha ban yafe ba, ga gona tana jiran noma. Ya zauna.

Kwana huɗu ina cin tuwo, yarinya tana ramewa. Ranar na biyar da hantsi ina tsince wake, ta zo ta durƙusa.

"Kaka, wurin nan fari fat yake. Gajimare ne tun daga ruwa har titi. Rufin da kika gani na rani ne, ni na ɗora shi."

"Yanzu me ke ƙarƙashi?"

"Wallahi ban sani ba. Kullum ina dubawa, bai yaye ba."

Ban yi mata faɗa ba, ban da ƙarfinsa. Na dai ture faifan waken, na aika a kira baffanta.

Ya tafi. Inda gidan yake, ruwa ya tarar. Ya same su a wata lakwal, makarantar boko da aka tara mutane, da rai, sai dai kwano ya yanki yayansa a ƙafa, ciwon ya ruɓe, ba wanda zai ɗauke shi. A asibiti aka yanke ƙafar daga idon sawu. Likita ya ce da an kawo shi da wuri, da wanki da allura sun isa.

Yau babban yana nan Damagaram, yana zama a rumfar albasar wani da sandarsa, matarsa na soya ƙosai. Ƙanen bai taɓa tayar mini da maganar ba, ya dai rage zama a ɗakina. Yarinyar na nan kan aikinta, amma duk inda ta cike sai ta zagaye shi da jan layi, kowa ya san faci ne. Har gobe ba ta iya kallon ƙafar ubanta.

Mutane suna cewa laifinta ne. Ni na san aikinta sarai, na ƙi tambaya don kada a ba ni amsa. Na koya da tsufana: in aka ce ba a sani ba, a bar mai tafiya ya tafi ya gano.