Na Yafe Wa Yayata Kafin In San Laifinta

Ina zaune a bakin ƙofar ɗakinmu a unguwar Maamobi ina ɓare dafaffen ƙwai, sai maƙwabciyarmu ta shigo gidan ko mayafi babu. Ta yi sallama ta tsaya daga nesa. Ta tambaye ni ko na karya, abin da ba ta taɓa tambayata ba tun da muke. Sai na ajiye ƙwan. Ta ce Yaya ta yanke jiki ta faɗi a wajen da take sayar da dafaffen wake da shinkafa, ludayi a hannunta, an saka ta a tasi amma rai ya yi halinsa kafin su isa asibiti. Hawan jini ne, in ji su. Ban yi kuka ba a lokacin. Abin da ya fara zuwa raina shi ne ƙwan nan da take jira a kai mata.

Edita, ina yi muku sallama, ku da masu karatu. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin wadda zan yi magana a kanta tana kabari, kuma ita ta rene ni. An haife ni da ƙullutu a ƙasan baya. Likitoci sun ce ƙashin bayana ne bai haɗe ba tun a ciki, ciwon da suke kira sifaina bifida. An yi mini aiki ina jaririya, na rayu, amma ƙafafuna ba su da ƙarfi, da sanduna biyu nake tafiya. Akwai kuma abin da mutane ba sa gani: mafitsarata ba ta yin aikinta da kanta, sai an zura siririyar roba an fitar da fitsarin lokaci bayan lokaci. Ban taɓa rubuta wannan ba sai yau.

Mahaifiyarmu ta rasu ina ƙarama, Yaya ta ɗauke ni. Ita ta riƙa goya ni zuwa makaranta ta lungunan da ko mai ƙafa biyu sai ya yi hankali da kwata. Da ta ga ba zan iya bin layin bayan gida na unguwa ba, ta yi ta rigima da mai gida har ya bari aka gina mana ɗan ƙarami a bayan ɗaki. Yaya ce wata ma'aikaciyar jinya ta fara koya wa saka robar, ita kuma ta yi mini shekara da shekaru ba ta taɓa yamutsa fuska ba. Ina faɗar wannan ne don kada wani ya karanta abin da zai biyo baya ya ce ba ni da godiya.

Da na fara zama budurwa, ma'aikaciyar jinyar ta ce lokaci ya yi da zan koya da kaina. Ta ba ni ɗan madubi, ta nuna mini, ta ce jikina ne, ni ya kamata in san shi. Ranar da na fara rufe ƙofa na yi ni kaɗai, na fito ina dariya kamar an yi mini albishir da Makka. Yaya tana tsintar wake. Ta ɗago ta ce to, an girma ke nan, ta mayar da kanta kan faranti. Ranar ba ta ci abinci ba. Na ɗauka gajiya ce.

Akwai tsohon keken ɗinki na hannu da mahaifiyarmu ta bari. Da shi na fara gyara wa matan gidanmu zannuwa da kayan makarantar 'ya'yansu. Bayan na haura ashirin, na ji labarin wata mai shagon ɗinki a Adabraka tana ɗaukar masu koyo. Ban gaya wa kowa ba na fita na hau torotoro, wato motar haya. Kwandastan ya ce sandunan nan su ma sai sun biya, na ce masa ai yayyensa ne, ya ba su gidan gaba. Duk motar aka yi dariya, har da shi. Na tuna wannan dariyar sosai, domin ranar ce na fara jin ni ma mutum ce a cikin mutane.

Madam, kamar yadda 'yan shagon ke kiranta, babbar mace ce mai tabarau a kan hanci. Ta miƙo mini ƙyalle ta ce in ɗinka aljihu. Da na gama ta juya shi ciki da waje, ta ce wa 'yan matanta su zo su ga hannun da ya fi bakinsu aiki. Ta ce ta ɗauke ni, amma in zo da babba, domin ba a karɓar mai koyo sai da wanda zai tsaya masa. Kafin in tafi na roƙi in zaga. Na ga bayan gidan yana da sakata, akwai famfo. Abin da nake buƙata ke nan. Ban gaya mata maganar roba ba, tunda ban ga inda ta shafi ɗinki ba.

Yaya ta saurare ni har na gama. Ta ce ita za ta fara zuwa ita kaɗai, maganar manya ce. Ta saka mayafinta na fita unguwa ta tafi. Da ta dawo ta jefar da mayafin a kan gado, ta ce matar nan ba ta da imani, wai ta sake tunani, shagonta ba na guragu ba ne, masu kawo ɗinki za su gudu. Ta yi mata Allah ya isa. Ta rungume ni ta ce in rabu da mutanen duniya, muddin tana numfashi ba zan nemi komai a wajen kowa ba. Ta tuƙa mini tuwo da miyar ayoyo da nake so. A kan cinyarta na yi kukan. Daga ranar na rufe keken da zani, na koma ɓare ƙwai da yanka albasa na waken da take sayarwa. Shekaru suka wuce a haka. Ban sake neman ko'ina ba, kuma ban daina tsanar Madam ba.

A wajenmu idan an gama yi wa mamaci sutura, kafin maza su ɗauka, ana kiran na cikin gida su zo su yi ban kwana. Gwaggonmu ta tsaya a kan gawar ta ce duk wanda marigayiya ta yi wa laifi, na sani da na rashin sani, ya yafe mata. Mata suka amsa sun yafe. Ni na fi kowa ɗaga murya. Na ce na yafe duniya da lahira, na ce ni ce ma ya kamata ta yafe wa, ni da na cinye mata ƙuruciya. Da zuciya ɗaya na faɗa.

Ranar addu'ar uku sai ga Madam. Ashe tun daga wancan zuwan ta zama mai sayen waken Yaya. Na kawar da kai, amma ta zo ta zauna a gefen tabarmata ta kama hannuna. Ta fara yabon marigayiya. Ta ce ba ta taɓa ganin ƙauna irin wannan ba, mace da girmanta ta durƙusa a tsakiyar shago gaban yara tana roƙon kada a ɗauki ƙanwarta. Ta ce Yaya ta gaya mata ba na iya riƙe fitsari, ita ke yi mini komai, ita ke sauya ni kamar jinjira, idan aka bar ni wuni guda zan ɓata wa mutane yadi. Madam ta ce ta ji takaici ƙwarai saboda hannuna, har ta riga ta sa an ajiye mini gajeren tebur kusa da ƙofar baya. Duk a matsayin yabo take faɗa, ta ɗauka na sani. Sai da ta dubi fuskata ta rufe bakinta da gefen mayafi.

Ana ta rabon waina da ƙosai, malamai na karatu a waje, ni kuma ina lissafin abin da na ji. Sirrin da ko maƙwabta nake ɓoye wa, an baje shi a gaban baƙi. Kuma ba gaskiya aka faɗa ba, domin a lokacin na daɗe ina yi wa kaina komai, ta kuma sani. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne tuwon nan da miyar ayoyo. Ta dawo daga can, ta zauna ta tuƙa, ta bar ni ina kuka a cinyarta ina tsine wa matar da ba ta yi mini komai ba.

Da yamma dangi suka zauna a kaina. Kawu ya tambaya wa zai ɗauki yarinyar, ina zaune a wurin, na kusa talatin. Gwaggo ta ce ita bayanta ba zai iya wanki da sauyi ba. A nan na gane ba Madam kaɗai aka gaya wa haka ba. Na ce musu tun kafin 'yar Gwaggo ta yi aure nake kula da jikina, kuma ba inda za ni. Kawu ya ce a ƙyale ni, zafin rashi ne ke magana. Aka ƙyale ni ɗin, suna jiran in gaza.

Bayan arba'in na yaye zanin da ke kan keken, na zuba masa mai, na koma Adabraka. Madam ta ce wa zai tsaya mini, na ce ni. Sai ta sa aka jawo tebur. Yanzu ina koyo a cikin yaran da ke ce mini Anti. Ba zan ce da sauƙi ba. Ɗiban ruwa wahala ne, ranar ruwan sama ba na iya fita, na taɓa yin zazzaɓin mafitsara na kai kaina asibiti ni kaɗai ina rawar sanyi. Amma ina ci, ina sha, ina rufe ƙofata da kaina.

Na yi ta neman dalilinta. Wataƙila tsoro ta ji kada a yi mini dariya. Wataƙila ta saba da ni a bayanta har ba ta san me za ta zama ba idan na sauka. Ba ni da wanda zan tambaya. Ina dai roƙon iyaye da yayye masu irinmu a gida: ku koya mana, sannan ku matsa gefe. Idan kuna jin tsoro ku faɗa mana a fuska, mu yi gardama. Kada ku je bayanmu ku rufe ƙofa ku dawo ku taya mu kuka, domin ba ku san ranar da za ku faɗi da ludayi a hannu ku bar mu ba. Ku kuma 'yan'uwana masu wannan lalura, duk maganar da ta shafi rayuwarku, ko da za a tafi da babba, ku bi shi ku ji da kunnenku.

Na tambayi malamarmu ta Islamiyya ko yafiyar da na yi a kan gawa ta haɗa da abin da ban sani ba. Ta ce Allah ya san zuciya, amma idan raina bai kwanta ba in sake faɗa ranar da na shirya. Kullum bayan salla ina roƙon Allah ya jiƙan Yaya, ya haskaka kabarinta, kuma da gaske nake. Kalmar nan ɗaya dai har yau ban sake faɗinta ba.