I'itikafin Kawu Abarci

Kawu Abarci, ƙanen mahaifiyata, mai yasar rijiya ne a Dakoro. In rijiya ta cike da yashi, shi ake ɗaura wa igiya a ƙugu a zura shi gaba arba'in cikin ƙasa. Shekara talatin yana wannan aiki, burinsa ɗaya ne: ya shiga i'itikafi, ya yi goman ƙarshe na azumi cikin masallaci bai fita ba.

Shekaru a jere azumi na faɗowa cikin bazara, lokacin da rijiyoyi ke ƙafewa, sai ya ce baɗi. Abokinsa Mamani ladan yakan tsokane shi: "Abarci, kai sahunka na ƙarƙashin ƙasa. Ranar ƙiyama a rijiya za a neme ka." Kawu yakan yi dariya, amma maganar tana cinsa.

Shekarar da ƙirjinsa ya fara ciwo, ya naɗe tabarmarsa ya shiga masallaci. Kwana huɗu ya yi. Rana ta biyar da hantsi, wani makiyayi mai suna Hama ya zo daga wajen Bader Goula, ya tsaya bakin ƙofa. Rijiyarsu ta rufta, shanu kwana uku ba ruwa, yara sun fara kwanciya.

"In ka fita i'itikafin ya ɓaci fa," in ji Mamani, wannan karon ba wasa.

Kawu ya daɗe yana duban tabarmar. Ya ce, "Ajiye mini ita."

Kwana biyu yana ƙasa kafin ruwa ya dawo. Ya fito da tarin da bai sake shi ba.

Da ya kwanta, nakan zauna kusa da shi bayan la'asar. Wata rana ya ce, "Ɗana, kwana huɗu kaɗai na yi wa Allah. Mi zan kai?"

Na ce, "Kawu, rijiyoyin fa?"

"Wannan aikin mutane ne."

Na kira liman, ya gaya masa shayar da mai ƙishi ibada ce babba. Kawu ya saurara, ya gyaɗa kai, sannan ya tambaya ko tabarmarsa na nan.

Bai ga wani azumin ba. Ranar da ya rasu, Hama ya iso da jarka biyu bisa jaki, ruwan rijiyar nan, ya roƙa a yi wa Kawu wanka da shi.

Tabarmar na nan a kusurwar masallaci, a naɗe. Mamani ya hana kowa ɗaga ta.