Ranar da Mama ta ce a ƙara wa jita murya

Na fito falo da jaririyata a kafaɗa, sai ga Baba zaune a kan tabarma rungume da jitarsa, ya ɗora amfilifaya, akwatin nan mai ƙara wa jita sauti, bisa kujerar baƙi, lasifikar daidai kunnensa.

Tsohon soja ne, shi ke kaɗa jita a cocinmu nan Zuru. Amfilifayar irin ta da ce, mai ƙwayaye kamar na lantarki a ciki, kuma kullum cewa yake ba ta daɗi sai an buɗe mata wuya. Tun da na zo wankan jego Mama ta kafa doka: in ya tada jikarta, jita ta koma coci da kwana.

Kwana uku yana fama. In ya rage, sautin ya zama kukan sauro. Yau sai ya bar ƙwayayen suka yi ɗumi, ya sauke babban makunnin murya, ya ɗaga na jita, ya ƙara kauri kaɗan. Sauti ya fito da laushi, yarinya ko motsi ba ta yi ba.

Can sai Mama ta leƙo daga kicin da muciya a hannu.

"Baban Rifkatu, ƙara kaɗan mana, ba na ji."

Baba ya dube ni ya ce, "Rifkatu, ke shaida ce. Shekara talatin ina jiran wannan magana."

Bai ƙara ba fa. Dole ta jawo kujera ta zauna kusa da shi, har tuwo ya kama.

Ku a gidanku, wa ke kunnawa, wa ke cewa a rage?